Hutu a Sloveniya: daga ina za mu fara?

Ɗalibin Graz:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maiɗakina muna son leƙa Sloveniya a watan Satumba, tunda maƙwabciyarmu ce nan Ostiriya. Ina ya kamata mu nufa? Yaya batun abinci da wurin sallah?

Baban Yara:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ku fara da Ljubljana, babban birnin. An hana motoci shiga tsakiyarsa, sai ku yi ta takawa a bakin kogi, sannan ku hau tsohuwar fadar da ke kan tudu. Akwai babban masallaci, an buɗe shi a 2020. Amma ku kiyayi kranjska klobasa, naman alade ne.

Uwargida:
Malam, don Allah ka kai ta tafkin Bled. Ni can ne ya fi kwanta min a rai. Akwai tsibiri a tsakiyar ruwan, ana kai mutane da kwalekwalen katako, matuƙin yana tsaye yana tuƙawa da filafilai biyu. In kun sauka, matakala 99 ke jiranku, sai ku sa takalmi mai daɗin tafiya. Ku fita da sassafe, kafin jama'a su cika.

Matafiyi:
Kar ku manta da kogon Postojna. Ƙaramin jirgin ƙasa ne ke shiga da ku ciki. Akwai sanyi, kusan digiri 10, ku riƙe rigar sanyi. Kuɗin ƙasar yuro ne.

Ɗalibin Graz:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Bled ta shiga lissafi.