Ruwan Teku ko Ruwan Magudana: Wanne Zai Riƙe Biranenmu?

Nura: Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Maganar da nake so a tattauna ita ce: tace ruwan teku shi kaɗai ba zai riƙe Jidda da Makka da Riyad ba idan suka ci gaba da cika haka. Abin da masu bincike ke matsa wa lamba a kai, har a jami'ar KAUST da ke garin Suwal, arewa da Jidda, shi ne a tace ruwan da muka riga muka yi amfani da shi, na wanka da wanki da bayan gida, a mai da shi aiki. Ni kuma ina tare da su, ko da wata rana zai kai ga famfo.

Alhaji Garba: Wa'alaikumussalam. Nura, ruwan masai kake nufi? Ga Bahar Maliya shimfiɗe a gabanmu, ba ta ƙarewa. Tun 1907 aka kafa injin da ake kira kindasa a Jidda ana tace ruwan gishiri, yau ga tashar tace ruwa ta Shu'aiba tana ba Makka da Jidda da Ɗa'if. Me ya yi zafi?

Nura: Baba Alhaji, teku ba ta ƙarewa, amma wuta da kuɗi suna ƙarewa. Ko da injinan zamani masu matse ruwa ta cikin tankaɗe, lita 1,000 tana cin kilowat 3 zuwa 4 na lantarki, tsofaffin masu dafa ruwa kuwa sun fi haka ci nesa ba kusa ba. Sannan a ɗauko shi. Ruwan Riyad daga Jubail yake tahowa, fiye da kilomita 400 a bututu, ana tura shi hawa. Na Ɗa'if sai an haura da shi kan dutse. Duk wannan wahala, mutum ya yi wanka da shi na minti biyar ya sake shi a magudana. Shi kuwa na magudanar yana cikin gari, gishirinsa kaɗan ne, tace shi bai kai rabin waccan wutar ba.

Hajiya Rabi: Ɗana, ni ba lissafi nake ji ba. Alwala nake tambaya. Da wane ido zan kalli ruwan da na san inda ya fito in ce zan yi salla da shi?

Malam Idi: Hajiya, wannan malamai sun daɗe da amsa ta. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan ta yi fatawa cewa idan an tace irin wannan ruwa har ya koma asalinsa, babu launin najasa, babu ɗanɗanonta, babu warinta, to ya tsarkaka, ana alwala da wanka da shi, shan sa ma ya halatta muddin ba ya cutarwa. Kuma siffofi ukun nan su ne muka karanta tun muna zaure. Amma Nura, kada ka ɗauke ni a sahunka tukuna. Halacci daban, amana daban. Wa zai tsaya kullum yana auna ruwan, ranar da injin ya samu matsala cikin dare?

Nura: Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce tambayar da binciken ya fi daɗewa a kanta: tankaɗen da ba ya saurin toshewa, da na'urar da za ta gano ragowar magani ko ƙwayar cuta nan take. Kuma ba mafarki ba ne. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 suke mai da irin wannan ruwa cikin na sha. Singafo ma na yi.

Injiniya Bala: Ku duka kun bar giwa kuna faɗa a kan wutsiya. Gidaje ba su ne masu shanye ruwan ƙasar nan ba, gona ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Duk wanda ya bi ta Ƙasim ko Ha'il a jirgi ya ga korayen da'irorin nan a cikin rairayi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne na dubban shekaru, wanda ruwan sama ba ya mayar da shi. Da shi aka noma alkama har ana sayar wa waje, sai da aka ga rijiyoyi na ta yin ƙasa, a 2008 gwamnati ta yanke a janye a hankali zuwa 2016. Ni abin da zan yarda da shi: ruwan da aka tace a ba gona da bishiya da masana'anta, kamar yadda ake shirin shayar da bishiya miliyan 7.5 a Riyad da shi. Baki kuwa a bar masa na teku.

Nura: Yaya Bala, idan aka yi haka ma na samu rabin abin da nake nema. Sai dai ka tuna ruwan gishirin da ke komawa teku. Fiye da rabin abin da aka zuƙo komawa yake, gishirinsa ya kusan ninkuwa, kuma tekun gabas, wato Tekun Fasha, ba shi da zurfi, ga ƙasashe da yawa na zuba masa.

Maryam: Ku yi haƙuri in sa baki, ni daga Bur Sudan na zo. Garinmu a bakin Bahar Maliya yake, amma da madatsar Arba'at muka dogara. Da ta fashe a watan Agusta 2024, jarka ta zama abin da ake kwana ana tunani, mai jaki da tanki shi ne sarki a unguwa. Wanda ya ga haka ba zai so gari ya rataya a kan hanya ɗaya ba, teku ce ko madatsa. Ina bayan Nura.

Alhaji Garba: Allah ya kyauta, 'yata. Amma ni na ga tafkin da motocin kwashe masai suka tara a gabashin Jidda, na ga tsoron da aka sha lokacin ambaliyar 2009 kada ya ɓalle a kan gari. Unguwar da har yau mota ce ke zuwa kwashe rami, ta ina ruwanta zai isa wurin tacewa? A fara shimfiɗa magudanar.

Hajiya Rabi: Kuma a dubi ɓarna. A 2019 an ce kowane mutum a nan yana kashe lita 263 a rana, shi ya sa aka fito da shirin Ƙaɗra na rage amfani da ruwa. A layinmu akwai gidan da tankin sama ke ambaliya tun asuba har hantsi saboda ƙwallon da ke rufe shi ya lalace, gidan da ke kusa kuma suna jiran wayit, wato motar ruwa, da kuɗinsu a hannu. Malam, na ji fatawa, na karɓa. Wanki da ban ruwan shuka zan yi da shi. Sha dai ba yanzu ba.

Malam Idi: Babu wanda ya wajabta miki, Hajiya. Nura, ka nemo mana yadda mutanen Windhoek ke auna nasu, sau nawa a rana, kuma wa ke da ikon rufe bututu idan awo ya nuna matsala. Idan na ga wannan sai in faɗi inda na tsaya.