An mayar da tashin gasa ƙarfe 8:30, ga zafi ga iska: in shiga ko in haƙura?

Ɗanbarewa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa gani da idonsu nake nema. Na yi rajistar rabin gudun fanfalaki, kilomita 21, saura kwana 19. Da farko sun ce ƙarfe 6 na safe za a tashi, jiya sai ga saƙo wai an mayar da shi 8:30. A 'yan kwanakin nan kafin ƙarfe 10 zafi yana kaiwa digiri 33, kuma kilomita 8 na ƙarshe fili ne fetal babu inuwa, iska ta gaba take tahowa. Wata huɗu ina atisaye, amma duk da asuba, ban taɓa gudu rana tana dukana ba. Burina in gama ƙasa da awa 2. Ba sa mayar da kuɗin rajista. In shiga ko in bari sai wata gasar?

Gajere: Wa alaikumus salam. Ka riƙa fita da asuba kawai malam, lokacin gari da sanyi. Shekarata uku ina haka, ban taɓa samun matsala ba.

Ɗanbarewa: Ai matsalar ke nan Malam Gajere. Da asuba nake fita, gasar ce ba da asuba ba.

Maman Ihsan: Ka nemi jakar ruwan nan ta goyo mai cin lita ɗaya da rabi, da farar hula. Tawa ko rabin kuɗin takalmin gudu ba ta kai ba.

Gajere: Rabi kuma Hajiya? Wadda na saya ta fi takalmina tsada. Ko dai taki ta hannu ce?

Maman Ihsan: Sabuwa fil a ledarta. Kai dai an yi maka tsada.

Ƙafar Iska: Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga Ɗanbarewa yana neman izinin rarrafe 😂

Lawandi: Ɗan'uwa, don Allah ka saurare ni. Shekara biyu da suka wuce na shiga irin wannan gasar, ita ma aka jinkirta tashi. Mun fi awa ɗaya a tsaye a rana kafin a busa usur, ruwan da na zo da shi na shanye shi tun a layi. Har kilomita 12 lafiya lau nake. A na 14 na iske teburin ruwa babu komai sai kofuna a zube a ƙasa, yaran da aka ajiye suka ce na gaba sun shanye. Na ce bari in daure zuwa na gaba. A wajen kilomita 16 sai na ji tsigar jikina tana tashi, sanyi-sanyi nake ji alhali rana tana ƙuna. Wallahi na zaci sauƙi ne ya zo, har na ƙara sauri. Abin da na iya tunawa ke nan. An ce min na riƙa tangaɗi ina zagin wani da ya zo ya riƙe ni, ni da ban saba zagin kowa ba. Motar asibiti ɗaya ce tak a duk gasar, tana can wurin gamawa. Wani mai mota ne ya kwashe ni. Kwana huɗu na yi a kwance, fitsarina ya koma kamar ruwan tsatsa, likita ya ce ƙodata ta taɓu. Wata bakwai ban sa takalmin gudu ba. Har yau masu shirya gasar ko sannu ba su ce min ba, amma saƙon tallan gasar bana ya shigo wayata sau uku.

Maman Ihsan: Subhanallahi. Allah ya ƙara lafiya Malam Lawandi, Allah ya kiyaye gaba.

Sista Hadiza: Amin. Abin da ya same ka bugun zafi ne, wanda zafin cikin jiki yake haura digiri 40. Ruɗewa, tangaɗi, faɗa ba gaira ba dalili, duk alamunsa ne. Kuma kada wanda ya ce ai yana zufa don haka ba shi ba ne, mai gudu yana iya faɗuwa jikinsa sharkaf. Idan kun ga haka, a fara sanyaya mutum nan take, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara in akwai, in babu a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ana kiran mota. Sannan masu cewa a yi ta ɗirkar ruwa su yi hattara. Ruwa in ya yi yawa yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kisa. A gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2002 an gwada jinin masu gudu 488, kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa.

Baba Tanko: 'Yata, mu da muka yi shekara 30 muna gudu ba mu san duk wannan ba. Babu agogo, babu jaka, da tsakar rana muke fita. Jiki sabo yake so. Yaran yanzu tsoro ya yi muku yawa.

Sista Hadiza: Baba, da girmanka, waɗanda suka faɗi a zamaninku ba sa nan balle su ba da labari. Ni su ake kawo min.

Baba Tanko: Kin taɓa gama kilomita 21 da ƙafarki?

Sista Hadiza: Sau biyu Baba. Amma ko ban taɓa ba, zafin jiki ba ya canzawa.

Koci Sale: Baba yana da gaskiya a wuri ɗaya, jiki yana sabawa. Kwana 10 zuwa 14 ana fita cikin zafi a hankali, zufa za ta riƙa zuwa da wuri, gishirin da ke fita a cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Ɗanbarewa kana da kwana 19, ba a makara ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Daga gobe ka koma fita 8:30, minti 30 a hankali, kana ƙarawa. Ka hau sikeli kafin da bayan gudu, duk kilo ɗaya da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Sai dai awa 2 ɗin nan ka cire ta daga ranka. Gudun dogon zango ya fi daɗi a wajen digiri 10, kai kuma 33 kake magana. Jini yana rabuwa biyu, wani ya tafi fata don sanyaya ka, wani ya tafi tsoka, zuciya ta yi ta ƙara bugu ko da saurinka bai ƙaru ba. A gasar duniya ta Doha a 2019 da tsakar dare aka saki mata masu cikakken gudun fanfalaki, kilomita 42, duk da haka cikin 68 da suka tashi 28 ba su gama ba, saboda zafi da laima. Ruth Chepngetich da ta ci ma awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43 (2:32:43) ta yi. Su ke nan da gudu ne sana'arsu.

Gajere: To iskar ai taimako ce Koci, tana busar da zufa.

Koci Sale: Tana sanyaya fata, gaskiya ne, shi ya sa take ruɗin mutum ya ga kamar ba ya zufa. Amma ta gaba tana cin ƙarfi, kuma abin da ta ƙwace maka ta baya ba ta mayar da shi duka. Dubi Boston, ita ma kilomita 42 ce: a 2011 iska tana bayansu Geoffrey Mutai ya yi 2:03:02, a 2018 ga ruwan sama ga sanyi ga iska ta gaba, Yuki Kawauchi ya ci da 2:15:58. Hanya ɗaya ce. Eliud Kipchoge ma da ya yi 1:59:40 a cikakken gudun fanfalaki a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2019, mutane aka jera a gabansa suna tare masa iska. Ka samu ayari ka laɓe a bayansu a wannan filin.

Ƙafar Iska: Ka nemi Dogo ka bi bayansa, ga inuwa ga katanga 😂

Dogo: Ina jin ka. Ni dai agogo mai auna bugun zuciya nake ba da shawara, kuɗinsa kamar takalmi biyu ne.

Maman Ihsan: Nawa bai kai takalmi ɗaya ba, kuma yana aiki.

Lawandi: Agogo yana hannuna ranar da na faɗi. Agogo ba ya ba ka ruwa. Koci, kana koya masa yadda zai saba da zafi, wa zai koya wa masu gasar su ajiye ruwa? Kada ka je ɗan'uwa. Kuɗin rajista ba su kai kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Koci Sale: Malam Lawandi, abin da ya same ka laifin masu shiri ne, ba kowace gasa ce haka ba.

Lawandi: Gasar da ta ɗage tashi daga 6 zuwa 8:30 a lokacin zafi ta riga ta nuna maka halinta.

Ɗanbarewa: Na gode ƙwarai. To in na yarda na ajiye maganar awa 2, minti nawa zan ƙara a kowace kilomita? Kuma a wace alama ya kamata in tsaya?

Dogo: Ni abin da yake ci min rai, me ya sa ake ɗage lokaci tun farko? Gasar Olamfik ta Tokyo an kwashe gudun fanfalaki gaba ɗaya zuwa birnin Sapporo da ke arewacin Japan saboda zafi, na mata ma aka dawo da shi ƙarfe 6 maimakon 7. Wasu suna matso da lokaci don ran mutane, wasu suna turawa gaba.

Sista Hadiza: A Chicago a 2007 dakatar da gasar aka yi tana tsaka da gudana da zafi ya tsananta. Mai shiri in ya san aikinsa yana iya cewa a tsaya.

Maman Ihsan: Mu wadda muka shiga bara minti 50 muka yi a rana muna jiran babban baƙo ya zo ya ɗaga tuta. Da ya zo kuma sai jawabi.

Lawandi: Kuma sai ka sa hannu a takarda cewa duk abin da ya same ka ba ruwansu. Su canza lokaci yadda suka ga dama, kai ba ka da ikon karɓar kuɗinka. Akwai wanda ya taɓa neman nasa aka ba shi?

Gajere: Ni na rubuta musu sau biyu, rigar gasar kawai suka ce in zo in karɓa.

Dogo: Kai ka samu riga ma. Tamu ta ƙare kafin a zo kanmu.