Kwanan tanti a bakin teku: Tarkwa Bay ko Ibeju-Lekki?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hajiyarmu ta zo daga Kano, sati biyu za ta yi mana a Agege, kuma ba ta taɓa ganin teku ba. Yara sun dame ni sai mun kwana a irin tantin nan na 'yan gayu, mai gado da katifa da fanka a ciki. Wa ya taɓa zuwa?

Sani Obalende: Wa alaikumus salam, Anti. Tarkwa Bay kawai. Jirgin ruwa za ku hau daga Five Cowries Terminal a Falomo, kamar minti 20 kun sauka. Ruwan wajen bai da zafin rai irin na sauran bakin tekun Legas, saboda duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa suna tare igiyar. Kuna zaune za ku ga manyan jirage na wucewa zuwa Apapa.

Hajiya Bilki: Sani, tsohuwa fa aka ce. Ka san yadda ake sauka daga jirgin nan? Wani lokacin sai mutum ya tattare zani ya taka ruwa. Ga rigar kariya da dole a ɗaura. Ni dai uwata ba za ta hau ba.

Sani Obalende: Gaskiya ne, Hajiya, na manta da wannan.

Baban Ummi: Idan da dattijuwa, ku bi hanyar mota zuwa Ibeju-Lekki. Ku kama titin Lekki zuwa Epe, ku karya a mahaɗar Eleko, masaukai na jere har wajen Ikegun inda La Campagne Tropicana take. Amma ku fito bayan asuba. Rana na ɗagawa cunkoson Ajah zai riƙe ku, gaba kuma ga tankoki da tireloli masu zuwa matatar Dangote.

Abin da ya fi zaɓen wuri muhimmanci shi ne tambayoyin da za ki yi kafin ki tura kuɗi. Bara mun kwana a wani wuri da ba zan kama suna ba. A hoto tanti fari tas, da fitilu. Da muka je gadon na nan, amma banɗaki ɗaya ne ga tanti shida, can nesa, sai ka keta yashi da tocilan. Ƙarfe 12 aka kashe janareta, fanka ta tsaya, zanin gado ya yi danshi yana manne wa jiki saboda iskar gishiri. Maƙwabtanmu kuma suka sa kiɗa har kiran sallar farko. Ki tambaya: banɗaki a cikin tanti yake? Wuta har safe? Akwai masu casu a daren?

Maman Haidar: Innalillahi! Hajiya da ke tashi tahajjudi. Abinci fa?

Hajiya Bilki: Ki tafi da dambun namanki da ƙosai a kula, amma ki fara tambaya, wasu wuraren ba sa bari a shiga da abincin waje. Gasasshen kifi ba matsala, ki dai tsaya a gasa a gabanki. Kada ki manta da buta, ba za ki samu a can ba.

Malam Idi: Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin na cikin Muwaɗɗa. Alƙibla kuma, a gaɓar Lekki teku na kudu, to ki bar shi a hannun dama, ki ɗan karkata hagu daga gabas. Yara kada su wuce idon sawu. Ruwan can yana ja ta ƙasa ko da sama ya yi lumui.

Baban Ummi: Kuma ki kauce wa Asabar. Talata ko Laraba wurin kamar naku ne ku kaɗai. A Disamba kuwa kuɗin ma tashi yake.

Maman Haidar: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka. Ta ce teku za ta je ta gani, amma kwana a tanti ta gama shi tun a Mina. Baban Ummi, in mun fito bayan asuba za mu iya dawowa Agege kafin isha'i?

Baban Ummi: In kun baro can da la'asar sakaliya, ƙila. In kun tsaya kallon faɗuwar rana, a Ajah za ku yi isha'in.