SIWES a sashen kwamfuta na banki: hedikwatar Legas ko reshen Kano?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum. Ina karanta kimiyyar kwamfuta, wata mai zuwa za mu fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida. Wani babban banki ya ba ni takardar karɓa, aka ce in zaɓa: hedikwata a Legas, ko in zauna da jami'in kwamfuta na wani reshe a nan Kano. Alawus dubu 50 ne ko'ina. A Legas ba ni da kowa sai ɗan kawuna a Agege. SQL nake son koya, yaren kwamfuta da ake zaƙulo bayanai daga rumbun ajiyarsu da shi. Wanne ya fi?

Injiniyan Sabongari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, koma ka karanta takardar, wane sashe aka rubuta? Sashen kwamfuta a hedikwata gida ne mai ɗakuna. Akwai teburin karɓar koke, aikinsu buɗe tikiti, wato rubuta koke a manhaja, sabunta kalmar sirri da tura matsala gaba. Akwai masu netwok, masu tsaro, masu katuna da ATM, sai masu riƙe da babbar manhajar banki, irin su Finacle, Flexcube ko T24. SQL yana wurin waɗannan na ƙarshe da masu haɗa rahoto. Ko can ɗin ba a barin ɗalibi ya taɓa bayanan kwastomomi na gaske, sai kwafin gwaji da ake kira UAT. In ba a rubuta sashe ba, duk inda ake da giɓi nan za a cusa ka, kuma galibi teburin koke ne.

Mai Gyaran Waya: Banki kuma? Zo kasuwar waya ta Farm Centre ka yi wata shida, ka fita da sana'a a hannu.

Antin ATM: Kada a raina reshe. Bakwai da rabi na safe ana duba layin netwok, babba da na ko-ta-kwana, sannan UPS da inbata masu riƙe wuta, don in wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi komai mutuwa yake. Daga nan firinta, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta BVN, sai ATM. Yawanci akwatunan kuɗi huɗu ne a cikinta da ɗaya na takardun da ta ƙi. Abin da ya fi tsayar da ita tsofaffin kuɗi ne masu laushi ko masu salatif, sai ƙura a kan robobin da ke jan takarda, musamman da hunturu. Kai naka karanta lambar matsala da duba rajistar na'ura. Buɗe wurin kuɗi na mutum biyu ne masu riƙe da makulli, ko an ce ka miƙo akwati kada ka miƙa. Amma gaskiya SQL babu shi a reshe.

Ɗan Agege: Dubu 50 ba ta kai ka ko'ina. Daga Agege zuwa Marina, inda hedikwatar bankuna da yawa suke, ka dawo, ka ware dubu 5 kullum.

Baban Khalifa: Haba, dubu 5? Ya hau jirgin ƙasa na Red Line daga Agege zuwa Oyingbo da katin Cowry, ya ƙarasa da bas. Dubu 3 ta ishe shi.

Ɗan Agege: To lissafa. Dubu 3 sau kwana 22, dubu 66 ke nan, bai ci ko biredi ba.

Antin ATM: Wasu bankunan dubu 30 ma suke bayarwa.

Baban Khalifa: Na ga wanda ake ba dubu 80 har da abincin rana. Na ITF kuwa, hukumar da ke kula da SIWES, naira 2,500 ne a wata, dubu 15 a wata shida, kada ka sa shi a lissafi.

Tsohon Odita: Ku bar zancen kuɗin mota, ga abin da ke kashe yara. Wani yaro ya yi wata biyar lafiya a wani reshe. Ran nan ma'aikacin da ke kula da shi zai fita sallar azahar, layi ya yi tsawo, sai ya bar masa kwamfuta a buɗe da sunansa ya ce ya riƙa sabunta wa mutane kalmar sirri. Abokin yaron ya kira, wai a duba masa ko kuɗin da ya tura wa wani sun shiga. Ya buɗe asusun, ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta da wayarsa, ya tura ta WhatsApp. Ko kwabo bai taɓa ba. Mai asusun ya ga hoton yana yawo, ya kawo ƙara. Manhaja tana rubuta wanda ya buɗe kowane asusu da minti nawa, kyamara kuma ta nuna wanda ke kan kujera. Ma'aikacin ya ce shi bai ba kowa izini ba. Aka karɓe katin shigar yaron a ranar, aka ƙi sa hannu a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa, da Fom 8 na shaidar kammalawa, makaranta ta ce ya sake SIWES, shekara guda ta tafi. Sa'a ma ya ci ba a kai shi gaba ba, don ga dokar laifukan intanet ta 2015, ga ta kare bayanan mutane ta 2023. Kada ka yi aiki da sunan wani. Kada ka soka filashi a kwamfutar banki. A logbuk ma kada ka rubuta lambar asusu ko adireshin sava, rubuta irin aikin kawai, kuma a sa maka hannu duk mako, ba a tara ba.

Ɗan Aji Uku: Innalillahi. Ma'aikacin fa?

Tsohon Odita: Takardar gargaɗi, yana nan yana aikinsa.

Injiniyan Sabongari: Allah ya kyauta. Amma Yallaɓai, yaron nan SQL ya tambaya, kun tsorata shi.

Tsohon Odita: Wanda bai taɓa zama a kwamitin ladabtarwa ba ai SQL zai gani.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, kun bar aiki tun ana cike takardar ajiya da biro. Yanzu kwamfuta da kanta take kullewa bayan 'yan mintoci.

Antin ATM: Tana kullewa in ba a taɓa ta ba. Wanda aka bar wa kujera ai yana taɓawa.

Mai Gyaran Waya: Duk wanda ka zaɓa, kada ka ɗora hoto da nakatayal. Kafin magariba gwaggonninka za su fara neman rance.

Malam Na Bayan Layi: Ba wanda ya tambaya ko bankin na ruwa ne. Ga Jaiz, ga TAJ, ga Lotus, bankunan da ba sa harkar ruwa, su ma suna da sashen kwamfuta.

Injiniyan Sabongari: Malam, wannan ya kai wa malaminsa. Ƙanena, rubuta wa ofishin ma'aikata ka nemi sunan sashe da na wanda zai kula da kai, a rubuce. In masu rahoto ne ko babbar manhaja, kuma gida za su cika maka kuɗin mota, tafi.

Mai Shago: Tunda 'yan banki sun taru, ATM ta cire min dubu 20 ba ta ba ni ba, yau kwana 9.

Antin ATM: Katin bankinka ne a na'urarsu, ko ta wani banki? Ƙa'idar CBN ta 2020, in nasu ne nan take ko cikin awa 24, in na wani ne awa 48. Je reshenka da rana da lokaci da wurin na'urar, ka cike fom, ka karɓi lambar koke.

Mai Shago: Na cike sau biyu Hajiya. Kullum sai a ce netwok.

Ɗan Aji Uku: Don Allah, shi ofishin ma'aikatan imel ake tura musu ko zuwa ake yi?

Ɗan Agege: Kwana 9 ma kake kuka? Nawa na POS ne, tun kafin azumi.