Wa ya ci Sarki Charles, taurin kansa ko sojan Cromwell?

Malam Habu: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Sarki Charles na Ɗaya na Ingila shi ya haƙa ramin da ya faɗa, har aka fille masa kai. A 1628 ya yarda ba zai karɓi haraji ba sai majalisa ta amince, shekara na zagayowa ya sallame ta, ya yi shekara 11 yana cin karensa ba babbaka. Harajin jiragen yaƙi da garuruwan bakin teku ke biya, ya ɗora wa har mutanen da ba su taɓa ganin teku ba.

Binta: Haka ne Malam. Kuma ba don Allah ya sake kiran majalisar a 1640 ba, aljihu ne ya bushe saboda yaƙin Sukotlan. Da suka ce sai an saurari kokensu, mako uku kacal ya watsa su.

Sani: Allah gafarta Malam, kun manta ya sassauta? A 1641 ya sa hannu aka kashe Strafford, babban na hannun damansa, ya kuma yarda ba za a rusa sabuwar majalisar da ya kira daga baya ba sai da yardarta. Me kuma ake nema? Su Pym, jagoran masu adawa da shi a majalisa, ne aka ba su hannu suka nemi kafaɗa, har ragamar soja suka so karɓewa.

Binta: To Yaya Sani, wa ya aike shi zauren majalisa ranar 4 ga Janairun 1642 da 'yan bindiga, wai zai kama 'yan majalisa biyar? Ya hau kujerar kakaki yana waige-waige, ashe sun sulale ta kogin Thames. Bayan wannan wa zai amince masa?

Sani: Wannan kam ya kwafsa, ban musa ba. Amma ba majalisa ce ta fille masa kai ba. A Disambar 1648, bayan yaƙin basasa tsakaninsa da majalisa, yawancinsu sun zaɓi a ci gaba da sulhu da shi. Sai Kanar Pride na rundunar sojan majalisa ya tsaya a bakin ƙofa da takardar sunaye, ya tare wasu, ya tsare wasu. 'Yan tsirarun da suka rage su suka kafa kotun da ta yanke masa hukuncin kisa.

Malam Habu: Sulhu da wanda ya ƙulla da Sukotlan a ɓoye, aka koma yaƙi karo na biyu?

Sani: Ai su ma ba su tsira ba, Malam. A 1653 Cromwell, shugaban rundunar sojan majalisa, ya shigo da soja ya fatattaki 'yan majalisar da suka rage, ya sa aka kulle ƙofar.

Malam Habu: An kira sallah. In na dawo ka faɗa mini ko Charles ya taɓa cika alkawari ɗaya.