Wanda bai ga Mdou Moctar ido da ido ba, anya ya ji kiɗansa kuwa?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Jiya da daddare Allah ya cika min burina, na ga Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawan nan na Nijar, yana kaɗa jita ido da ido a nan Jamus, wlh har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Kusan shekara biyar ina jin mutumin nan a waya, na ɗauka na san shi ashe da saura. Magana ɗaya zan yi kuma na tsaya a kanta, duk wanda a waya kaɗai ya ji shi to ƙamshin girkin kawai ya ji, bai ci ba.

Injiniya: Barka ƙanina, Allah ya maimaita. Amma wannan magana taka ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ni aikin sitidiyo nake yi, na san wahalar da ake sha kafin a fitar da waƙa ɗaya, kowane kayan kiɗa da makirfonsa, a zauna kwana da kwanaki ana daidaita sauti har sai kowace tsirkiya ta fito fes. A zauren wasa kuwa abin da za ka ji ya danganta da inda ka tsaya, in kana jikin sifika ganga ce za ta cika maka kunne, in kana can baya ihun mutane za ka sha. Abin da ya kama ka jiya zumuɗi ne da taron jama'a.

Ɗan Fagge: Yaya Injiniya ba zumuɗi ba ne wlh. Ina sahun gaba, tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Ka san bahago ne, farar jitarsa ta Fender a juye take ba kamar yadda aka saba gani ba, kuma ba ya riƙe ɗan robar nan da masu jita ke kaɗawa da shi, da yatsunsa yake yi tsirara. Ɗan alinsa na hagu sama da ƙasa yake yi a kan tsirkiya da wani irin sauri har idona ya kasa binsa, hannun dama kuma yana ta yawo a wuyan jitar, wani lokacin ma ya kawo hannun biyu duka kan wuyan yana ƙwanƙwasawa. Akwai waƙar da na haddace tun daga farko har ƙarshe, a waya ba ta wuce 'yan mintuna, jiya sai da ya ja ta ya ninka, mai ganga Souleymane yana ƙara wuta a hankali a hankali ba ka ma lura ba sai dai ka ji zuciyarka na bugawa tare da shi, Ahmoudou mai jita ta biyu na gefe ya riƙe kiɗa guda bai saki ba ko sau ɗaya, shi kuma Mdou ya tafi can ya dawo ya sake tafiya. Wannan ja ɗin babu shi a faifai, ina za ka same shi?

Injiniya: To ai ka kawo kanka. Ka ce idonka ya kasa bin yatsunsa, kenan kallo ka je yi. Ni maganar ji nake.

Ɗan Agadas: Ku biyun duka ku dakata. Ɗan Fagge na taya ka murna, amma abin da ka gani a Jamus shi ma rabi ne. An sayar da tikiti, an ba shi awa ɗaya da rabi, an kunna fitilu masu launi, Turawa na tsaye suna gyaɗa kai. Mu nan jitar Abzinawa kiɗan biki ce. A fili ake yi a cikin unguwa, a shimfiɗa tabarmi, a tada janareta, amfilifaya ƙarama wadda ta sha ƙura har muryarta ta dishe, mata sun sha ado sun zauna gefe guda, samari da rawani su fito biyu biyu ko a jere su taka su koma wasu su shigo. Mai jita yana kallon ƙafar masu rawa ne, in sun ɗau zafi ya bi su, in sun lafa ya sassauta, babu wanda ya riƙe masa agogo. A irin wannan fili Mdou ya goge kafin wani Bature ya san sunansa, haka Bombino, haka 'yan Etran de l'Aïr da har yanzu biki ne gidansu.

Ɗan Fagge: Na yarda da kai Malam, kuma ai gefena ka tsaya. Ko biki ko zaure dai gani da ido ne.

Ɗan Agadas: A'a ban tsaya gefenka ba tukuna. Kai cewa ka yi ka ji na gaskiya jiya, ni kuma na ce sai ka zo Agadas.

Injiniya: Bari in tuna muku abin da kuka manta. Wayar nan da Ɗan Fagge ya raina ita ce ta kai mutumin nan Jamus ɗin. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da ototun mai sauya murya da kiɗan kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, ku je ku saurara za ku rantse daga wani sitidiyon Kano ya fito. Ba a ma sayar da shi a kanti ba, daga memori zuwa memori ya yi ta yawo, bulutut, direbobi da 'yan ci-rani suka tsallaka da shi har Mali. A can wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin faifai na Sahel Sounds ya tsinci waƙar a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayar salula da ya fitar, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Duk mutanen nan da suka riƙa tura wa junansu waƙar a Kidal da Gawo ba su taɓa ganinsa ba, za ka ce musu ba su ji kiɗansa ba? Su ne fa suka fara gane shi.

Anti ta Damagaram: Injiniya ka faɗi gaskiya. Ni abin da ke damuna da hirar nan tun ɗazu yatsu kuke ta magana, sauri, ƙara, babu wanda ya ce ga abin da bawan Allahn nan yake faɗa. Ɗan Fagge ɗana, kana jin Tamashek, yaren Abzinawa?

Ɗan Fagge: Ba na ji Anti.

Anti ta Damagaram: To ka gani. Ni na zauna Arlit shekaru da maigidana, ina tsintar kaɗan. Waƙoƙinsa na baya bayan nan kuka ne a kan halin da ƙasashenmu ke ciki, yadda Faransa ta kwashi yuraniyom ɗin Arlit shekara da shekaru alhali ƙauyukan da ke kewaye ko wutar lantarki babu, da yadda yara ke barin harshen iyayensu. Wanda ya zauna a ɗakinsa ya sa waƙar a kunne ya maimaita sau goma, ya nemi mai jin yaren ya fassara masa, a wurina ya fi wanda ya yi tsalle awa biyu ya fito bai san me aka ce ba. Kuma ni dai in za a bar ni da zaɓina Bombino nake so, kiɗansa da sanyi, yana barin waƙa ta numfasa.

Ɗan Fagge: Anti wannan ta shige ni, ba zan yi musu ba. Amma ko da ban ji kalmomin ba na ji fushin a jikin jitar, akwai inda ya sa ta yi wani kuka kamar ana tsaga ƙarfe, zauren ya yi tsit. Daga baya na karanta fassarar na ga ashe abin da na ji shi ne ake nufi.

Mai Gurmi: Ni tun ɗazu ina karantawa ne kawai. Tambayata ita ce wai sauri shi ne gwaninta? Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, gwangwani ne da fata, amma ya riƙe ƙasar Hausa da ita har ya rasu a 2015. Yaranmu sun bar gurmi da molo da garaya suna mutuwa a hannun tsofaffi, sai an ga abu a hannun Bature ko an ji Turawa na kwatanta mutum da Jimi Hendrix, shahararren mai jitar Amurka, sannan a ce gwani ne.

Ɗan Agadas: Baba Mai Gurmi a nan kam ka yi mana rashin adalci. Jitar ce kawai ta Bature, abin da ake kaɗawa a kanta namu ne. Ka saurari bugun da kyau za ka ji tande a ciki, turmin nan da matan Abzinawa ke ɗaure wa fata su kaɗa, za ka ji takamba da ake yi da molonsu mai tsirkiya uku. Kuma shi Mdou ba a hannun Bature ya fara ganin jita ba. Ɗan jihar Tawa ne, gidansu gidan addini ne ba sa son kiɗa, yana yaro ya ga marigayi Abdallah Oumbadougou, gwanin jitar Abzinawa, yana wasa a gaban jama'a, ya koma ya samu katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa da hannunsa.

Ɗan Fagge: Yauwa!! Yaya Injiniya ka ji wannan ko? GANI ya yi. Kaset ɗin Abdallah na yawo ko'ina a lokacin amma sai da ya gan shi da idonsa sannan ya je ya kwance birkin keke.

Injiniya: Na ji, wannan hujja ce mai ƙarfi ban ƙi ba. Zan ma ƙara maka wata da kaina don gaskiya ɗaya ce, sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, duk aikin da Mikey Coltun ke yi da bes, jitar nan mai kaurin murya, da dukan babbar ganga yankewa suke, abin da ka ji yana dukan ƙirjinka jiya iska ce ta gaske manyan sifiku ke turowa, waya ba ta da wannan ƙarfin. Amma maganin wannan hedifon mai kyau ne. Inda na ƙi ka shi ne cewa da ka yi wanda bai gani ba bai ji ba. Mutum nawa ne a cikinmu za su samu bizar Jamus? Ko Yamai ɗin ma yanzu zuwanta daga Kano ba kamar da ba ne tun juyin mulkin Yulin 2023, su kansu 'yan ƙungiyar suna Amurka abin ya faru, sai da suka maƙale a can na wani lokaci sun kasa komawa gida. Kada ka sa yaron da ke Gusau da 'yar wayarsa ya ji kamar son da yake wa kiɗan nan na bogi ne.

Anti ta Damagaram: Wannan ita ce maganar. Mu da muka ji Ali Farka Touré na Mali a rediyo da kaset har ya rasu a 2006 ba mu taɓa taka garinsu Niafunké ba, kuma har gobe in na ji shi sai na yi hawaye.

Ɗan Fagge: Astagfirullah ban yi nufin raina kowa ba Anti, ni ma yaron nan ne shekara biyar da suka wuce, a Fagge da fasasshiyar waya. Na janye kalmar bai ji ba. Amma ba zan janye cewa abu biyu ne daban ba, na faifai an gama shi an rufe, kullum haka za ka same shi, na jiya kuwa a gabana aka yi shi kuma shi kansa ba zai iya maimaita shi daidai haka ba ko ya so.

Mai Gurmi: Wannan kam haka yake ko a gurmi. Ban taɓa kaɗa taken mutum sau biyu iri ɗaya ba, in mai taken yana wurin hannuna daban yake tafiya.

Injiniya: Shi ya sa nake naɗa Baba, don ranar da hannun ya gaji a samu abin da za a ji. Har yanzu ina jiran ka shigo sitidiyo, sau uku kenan ina roƙonka.

Ɗan Agadas: Ɗan Fagge in ka zo hutu ka yi ƙoƙari ka shigo bayan babbar salla, lokacin bukukuwa sun yi yawa. Ban yi maka alkawarin Mdou ba don yawancin lokaci yana waje, amma akwai yara a unguwarmu da ko sunansu ba ka taɓa ji ba, in suka kama jita da la'asar sai dare ya raba. Masauki na wuyana.

Ɗan Fagge: In sha Allah Malam, in hanya ta yi kyau ina nan tafe. Yaya Injiniya kai ma ka shirya mu tafi tare, ka taho da na'urarka.

Injiniya: Zan taho da ita, amma fa ban sauka daga maganata ba.