Neman sunan Hausa ga Arduino kafin darasin Asabar

Malamin Fizis, Kura: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan fara koya wa ɗalibaina haɗa Arduino Uno, wata ƙaramar na'urar lantarki da ake rubuta wa umarni ta sarrafa wasu kayan, da nufin su ƙera abin da zai kunna famfon ban-ruwa idan ƙasa ta bushe, ya kashe shi idan ta jiƙu, domin yawancinsu 'ya'yan manoman rani ne na Kadawa. Da Hausa nake rubuta darasin, kuma kalmomi biyu sun tsayar da ni: maikurokwantirola, wato ƙwayar ATmega328P da ke tsakiya, da kuma abin da take zaune a kai, mai ramuka 14 na dijital da 6 na analog.

Mai Gyaran Waya, Bunkure: Wa alaikumus salam, Malam. Inda na koyi aiki a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, aisi (wato IC) muke ce wa ƙwayar, abin da take kai kuma fanel, tsinkayenta kuwa ƙafafu. Yaran da za su je sayen kaya Kano da waɗannan sunaye za a gane su.

Malamar Kwamfuta, Kazaure: Aisi ta yi faɗi, domin ba kowace aisi ake rubuta wa umarni ba. Ni allo nake ce wa fanel ɗin, saboda duk lokacin da aka ɗora sabon shiri ta kebul na USB, tsohon gogewa yake, kamar yadda almajiri ke wanke allonsa a yi masa ƙari. Ƙwayar kuma ina kiranta ƙwaƙwalwar allo.

Dattijo, Ringim: 'Yata, ƙwaƙwalwa tana da mai ita, tun da muka ce wa kwamfuta na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wannan ƙwaya aikinta jan ragamar wani abu ne, fitila ko famfo, saboda haka na daɗe ina ba da shawarar a ce akala. Waɗanda suka ce makami mai linzami ba su je Ingila aro ba, a bakin doki suka samo kalmar. Aisi da fanel kuwa kasala ce, kuma ita ke sa 'ya'yanmu ganin Hausa ba ta isa ɗaukar ilimi ba.

Mai Gyaran Waya: Allah ya gafarta Malam, mu da muke riƙe da dalma kullum ba kasala ta sa muka ce aisi ba. Rediyo da mota ma aro ne, kuma ba wanda ya raina su.

Malamar Kwamfuta: Baba, allo da na'ura su ma daga Larabci muka aro su. Damuwata da akala ita ce igiya ce kawai a hannun mai raƙumi, alhali wannan ƙwaya ita ke karanta danshin ƙasa, ta kwatanta shi da adadin da aka ba ta, sannan ta yanke hukunci.

Dattijo: To, a ce mai akala. Aron Larabci ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, ba daidai yake da na jiya ba.

Malamin Fizis: Na gode, amma lokaci ya ƙure mini. Zan rubuta allon Arduino, in riƙe ƙafafu kamar yadda masu gyara ke faɗa, saboda darasin farko shi ne sa fitilar ƙafa ta 13 ta riƙa ƙyaftawa, kuma dole yara su bambance ƙafar volt 5 da ta GND, wato ta volt sifili, kafin su ƙona wani abu. Ƙwayar zan ce mata mai akala a bayani, in ambaci aisi sau ɗaya saboda kasuwa. Saura farin abin nan mai ramuka da ake soka wayoyi ba tare da dalma ba, wanda shi ma allo nake ce masa a da.

Dattijo: Ban gamsu da shigar aisi ba, amma darasinka ne. Farin abin nan a bar mini shi zuwa Juma'a.